Littattafan Zanen Mista Harold

Wata goma sha huɗu na yi a Bronx ina kitso a tsaye. Matar da ta kawo ni, Anti Ladi, 'yar unguwarmu ce a Gusau, kuma makarantar jinya ta yi wa iyayena alkawari. Har takardar makarantar ta nuna mana, mai hoton 'yan mata cikin fararen kaya suna dariya. Sai da na kai wata takwas a shagonta, wata mai zuwa kitso ta karanta takardar ta ce mini an rufe makarantar tun kafin in tako ƙasar. Da na yi wa Anti Ladi maganar, ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan da take kitsawa. Ta ce, "To ai ga shi kina koyon sana'a." Ban sake tayar da zancen ba. Na jira har na karɓi fasfona daga hannunta da sunan zan buɗe asusun banki, washegari na hau bas na nufi kudu.

Wadda ta karanta mini takardar ita ta ba ni lambar Hajiya Mariama a Greensboro. Hajiya mutuniyar Maraɗi ce, tana da kantin kayan abinci a Gate City Boulevard, tsakanin wani wurin sayar da tsofaffin motoci da shagon wanki. Gari, manja, kuka, daddawa, busasshen kifi. Ta ɗauko ni a tasha ba ta tambaye ni komai ba sai ko na yi sallah. A gida ta buɗe mini wani ƙaramin ɗaki ta ce, "Bon, ga gado, ga bargo. Gobe mu yi maganar bulo." Bulo shi ne aiki a bakinta, bon kuma shi ne to, irin Hausar Maraɗi mai gauraye da Faransanci.

Ita ta haɗa ni da lauyan da ya karɓi takarduna har na samu izinin aiki, babbar takardar zama kuwa aka ce sai an jira. Ita ta koya mini tuƙi da tsohuwar motarta a filin bayan wani coci. Na yi kwas na kula da tsofaffi, na shiga wani kamfani da ke tura mu gida-gida. Gidan farko kwana tara na yi matar ta rasu. Gida na biyu mai gidan ya ce ba ya jin Turancina. Na uku shi ne gidan Mista Harold a Irving Park.

Unguwa ce ta manyan gidaje da manyan bishiyoyi. Ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai mai jan kare ko masu yankan ciyawa. Mista Harold tsohon likitan haƙori ne, shekararsa tamanin da huɗu, matarsa ta rasu, kansa ya fara barin abubuwa. Zai tuna launin motar da mahaifinsa ya saya yana yaro, amma ya tambaye ni sau uku ko ya karya. 'Yarsa Linda tana Sedgefield, tana zuwa Talata da Juma'a. Ɗansa Brent yana zuwa ranar da ya ga dama, ya yi ta magana a waya a tsakar gida, ya sumbaci tsohon a ka ya tafi. Bai taɓa riƙe sunana ba. Shi kuwa tsohon, da sunan nawa, Bilkisu, ya gagare shi, sai ya sa mini Mis Bi.

Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma nake. Wanka, gyaran fuska, magani, abinci, ɗan zagaye a bayan gida yana tura ƙarfen da yake dogarawa. Linda ta manna jerin ayyukan a jikin firij. A ƙasan takardar an rubuta: Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya, kanti.

Na ɗauka kantin cefane ne. Ranar Laraba ta farko na tarar da shi a falo tun ƙarfe tara ya sa hula, ya ɗaura agogo, rigar a karkace maɓalli ɗaya ya tsallake ɗaya. Mutumin da ba ya gane hanyar banɗakin gidansa, shi ya yi ta nuna mini hanya, dama, hagu, wuce danja biyu, har muka tsaya gaban wani kanti da aka lulluɓe gilasansa da hotuna.

Da muka shiga wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara a saman ƙofa. Warin takarda da na roba ya bugi hancina. Bango duka littattafai ne sirara, fuskokinsu na kallon mutum: maza masu damtse cikin matsattsun kaya, dodanni, mata riƙe da takubba. A cikin akwatunan gilas an jera 'yan mutum-mutumi, wasu da fukafukai, wasu da ƙaho. Na yi a'uziyya a zuciyata. Can ciki akwai tebura huɗu, manyan mutane masu gemu sun zauna suna buga kati da rana tsaka, ranar aiki, suna jefa wasu ƙwayoyi kamar na ludo amma masu fuskoki da yawa. Babu wanda ya ɗago ya kalli hijabina. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai kantin ya fito daga bayan kanta. Baƙar fata ne, ƙato, gemunsa ya fara furfura, tabarau a rataye a wuya.

"Dokta!" ya ce. "Ka makara da minti shida. Na ce ko ka koma wani kantin."

"Sabuwar direba ce," in ji Mista Harold. "Tana tsayawa a kowace danja."

"Haka ake so. Sannu da zuwa, Madam. Sunana Marcus."

Ya juya ya zaro wata jaka daga wani kwali da aka rubuta sunan tsohon a jiki. Littattafan zane ne guda huɗu, waɗanda suke kira komik. A nan na fahimci tsarin: duk Laraba sababbi ke fitowa, kuma duk mai saye a kai a kai yana da kwalinsa, ana ajiye masa nasa. Mista Harold ya fi shekara ashirin yana da kwali a kantin. Ya buɗe kowanne a hankali da gefen yatsa, ya shinshina, ya rufe. Sannan ya ce in riƙe shi mu zagaya. Muka bi layin dogayen kwalaye farare da ke cike da tsofaffin littattafai, kowanne cikin leda da ɗan kwali a bayansa don kada ya lanƙwashe. Yana zaro ɗaya, ya kalla, ya mayar daidai inda ya ɗauko. Awa guda muka yi. Na miƙa katin da Linda ta ba ni, Marcus ya ba ni rasit, na kai firij na manna.

Da yamma na ba Hajiya labari. Ta ce, "Tsoho da shi? Littafin yara?" Na ce har da masu gemu na gani. Ta ce, "Allah ya sa mu gama lafiya," ta ci gaba da ƙulla daddawa.

Haka muka yi ta yi, Laraba bayan Laraba, fiye da shekara. Sababbin littattafan ba ya iya bin labarinsu, na gane haka da wuri. Zai kai tsakiya ya koma farko. Amma a kantin bakinsa yake buɗewa. Yana gardama da Marcus a kan wanda ya zana kaza da shekarar da aka daina kaza, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Ni ina zaune a kujerar roba kusa da ƙofa, jakata a cinya. Tun ina ƙirga mintuna har na fara sanin fuskoki. Akwai wata mai koren gashi da ke aiki a asibitin dabbobi, akwai wani direban motar makaranta da ba ya sayen komai sai hira. Wata rana azahar ta kusa wucewa tsohon bai gama ba, Marcus ya lura ina duba agogo. Bai tambaye ni ba, ya buɗe ɗakin ajiya, ya ture kwalaye gefe, ya ce, "Nan babu hotuna a bango, Madam." Daga ranar nan nake sallah.

A gidan akwai ɗaki a sama da ke cike da irin waɗannan kwalaye. Amma abin da tsohon ya fi ji da shi wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne a ƙarƙashin taga. A ciki akwai na yarintarsa, na kaboyi da na sojoji, waɗanda suka saya shi da wansa da ya rasu tun da daɗewa. Takardunsu sun yi ruwan ƙasa. A bayan kowane kwali ya rubuta sunansa da fensir. Ba ya barin in goge akwatin sai yana tsaye. Wata Laraba ya dage sai mun tafi da guda uku ya nuna wa Marcus. Marcus ya je ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa su. Masu kati suka bar wasansu suka zagaye kantar, kowa hannu a baya. Da za mu tafi Marcus ya rako mu har mota ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Madam, in za a sace ɗaya, gara a sace motar a bar jakar nan." Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ni kaina abu ɗaya na taɓa nema a kantin. Ina kallon masu jefa ƙwayoyin nan sai gidanmu ya faɗo mini, bayan la'asar, ni da ƙannena uku a kan tabarma da allon ludo da ya tsage aka liƙe da salatif, ƙanwata Asiya tana hura wa ƙwayar iska wai don ta yi siki. Na tambayi Marcus ko yana da ludo. Ya kawo mini wasu iri biyu masu kama da shi, na ce ba su ba ne. Na zana masa a bayan rasit, gida huɗu, kala huɗu. Ya ce zai nemo, sai dai zai ɗauki lokaci. Na manta ma da zancen.

A lokacin tsohon ya fara faɗuwa. Sau biyu a wata ɗaya. Linda ta fara maganar gidan tsofaffi da sayar da gidan.

Wata Litinin na shigo da safe na tarar da motocinsu biyu a waje. Linda da Brent suna kicin, akwatin ƙarfen yana kan tebur a buɗe. Babu komai a ciki.

"Zauna, Bilkisu," in ji Linda. Ita tana iya faɗin sunan.

Na ce na fi son tsayuwa.

"Na hau jiya in ɗauko su a kai a kimanta. Kin san inda suke?"

"Ban sani ba. Rabona da buɗe shi tun ranar da muka kai wa Marcus guda uku, kuma mun dawo da su. Baba yana tsaye na mayar."

"Baba," in ji Brent, ya yi 'yar dariya. Ya dubi yayarsa, ba ni ba. "Wa ke da makulli? Wa ke zuwa kantin nan duk mako? Wa ya san darajarsu? Ni ko sunansu ban sani ba."

Linda ta leƙa falo. Tsohon yana kujerarsa, talabijin a kunne ba murya. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Dadi, ka ga wanda ya taɓa akwatinka?" Ya dube ta, ya dubi Brent da ke bakin ƙofa, ya dube ni. Ya ce shayinsa ya huce.

Ta nemi ta duba jakata da motata. Na buɗe mata duka. Sallaya, kular abinci, silifas ɗin da nake sawa in zan yi masa wanka. Ta ce ta san ba za a same su a nan ba, amma dole ta duba. Na ce na gane. Na ajiye makullin gidan a kan tebur kusa da akwatin. Kafin in fita na ɗumama shayin na kai masa, don lokacin maganinsa ya yi kuma ba ya haɗiya sai da shi.

Ban kai gida ba shugabarmu ta kamfani ta kira. Kada in je gidan kowa sai an gama bincike. In ta tabbata, sunana zai shiga jerin waɗanda jihar ta haramta wa wannan aiki. Linda ta ba da mako biyu, in littattafan ba su fito ba za ta kai wa 'yan sanda. Na kira lauyana. Ya ce, in maganar ta kai ga 'yan sanda, ko da ba a kama ni da komai ba, takardar zaman da nake jira za ta sha tambayoyi. Ya ce kada in kira kowa a gidan.

Na koma kantin Hajiya ina auna gari ina ƙulla kuka. Ta ce, "Ki bar wa Allah. Kuma kar ki yarda ki sa hannu a kowane dosiye, kowace takarda, sai lauya ya gani." Labari ya riga ya zaga. Ranar Juma'a a masallaci wata da muke gaisawa ta matsar da jakarta da na zauna kusa da ita. Wataƙila gyara mini wuri take yi. Da Asiya ta kira daga gida ta ga ina kanti da rana, na ce mata hutu na ɗauka. Ta ce na yi ƙiba. Na ce kyamarar ce.

A kwana na tara wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Marcus ne. Ya ce ludona ya iso, kuma ina Dokta, bai zo ba ranar Laraba. Na ce zan zo in karɓa.

Na je da hantsi, kantin babu kowa sai mutum biyu a teburin ƙarshe. Ya ɗora kwalin a kan kanta yana murmushi. Shi ne kuwa, gida huɗu, ja da kore da ɗorawa da shuɗi. Ya sake tambayar tsohon. Ban yi niyyar faɗa ba, lauya ya hana ni magana. Amma na ga bai kamata ya ci gaba da jiran mu duk Laraba ba. Na ce na bar gidan, na faɗa masa dalili a taƙaice.

Murmushin ya tafi. Ya cire tabaran daga wuyansa ya sa, ya sake cirewa.

"Na akwatin ƙarfe?"

"Su."

"Duka?"

"Duka."

Ya kalli ƙofa. Sannan ya ce, "Wani ya kawo su nan. Ya kai mako uku. Ranar Asabar, kanti a cike. Dogo, jan fuska, waya a kunne. Na juya ɗaya na ga rubutun Dokta a baya. Na ce masa na san mai su. Ya ce shi ɗansa ne, kuma shi ke da ikon kula da kayan mahaifinsa. Na ce ya kawo mini takardar da ta nuna haka. Ya kwashe ya fita."

"Ba ka gaya mana ba."

"Na ɗauka maganar gida ce. Kuma ta yaya zan gaya wa tsoho irin wannan a gaban mutane?" Ya nuna wani lungu a saman silin. "Kyamarar can tana riƙe wata guda, daga nan ta goge da kanta."

Na lissafa kwanakin a raina. Saura kamar biyar.

Ya ce, "Madam, bari in gaya miki gaskiya. Mai ginin nan kulob ɗinsu ɗaya da mutanen nan. Ni baƙi ne mai sayar da littattafan zane. In na ce ɗan gidan Irving Park ɓarawo ne, ba a nan maganar za ta tsaya ba." Ya shafa gemu. "Ba ni kwana biyu."

Ban roƙe shi ba. Ba don jarumta ba, na dai san yadda mutum yake ji in ana roƙonsa abin da zai iya cinye shi. Na biya kuɗin ludon, ya sa mini a jaka, na ce na gode. Da la'asar muka baje shi a kan buhun shinkafa ni da Hajiya. Ba ta taɓa yi ba, amma ta cinye ni sau biyu. Ban gaya mata abin da Marcus ya ce ba.

Kwana biyun suka wuce babu kira. A na uku da safe ina share gaban kanti sai ga motar Linda ta tsaya.

Daga baya Marcus ya ba ni labarin a gajarce. Bai aika wa kowa hoton kyamarar ba. Ya kira Linda ya ce ta zo da kanta, akwai abin da ya shafi mahaifinta. Ta zo ta tsaya a bayan kanta, wurin da ba ta taɓa shiga ba duk tsawon shekarun nan, ta kalla sau biyu. Ta nemi ruwa. Ta tambaye shi ko akwai wanda ya gani ban da shi. Ya ce a'a, amma ya kwafe ya ajiye, kuma in sunan Madam bai fita daga maganar ba zai kai wa lauyanta.

Ta shigo kantin Hajiya tana riƙe da jakarta da hannu biyu, ta tsaya tsakanin kwandon busasshen kifi da jarkokin manja. Idonta ya kumbura.

"Na kira kamfaninku," ta ce. "Na ce musu an ga littattafan, kuskure ne daga wajenmu. Na rubuta musu, ga kwafi. Ga kuma wata takardar yabo, ko ina za ki iya kai ta."

Na karɓa na karanta duka biyun a gabanta. An rubuta ni mai gaskiya ce, mai haƙuri, mai zuwa a kan lokaci.

"An gan su ɗin?" na tambaya.

"A'a. Brent ya sayar da su a wani gari." Ta gyara riƙon jakarta. "Bilkisu, ki yi haƙuri. Ban san me zan ce ba. Ƙanena yana cikin matsala tun da daɗewa. Ina roƙonki maganar ta tsaya a nan. Dadi bai sani ba, kuma ba na son ya sani."

Na tambayi jikinsa. Ta ce sun kai shi gidan tsofaffi tun makon da na tafi, don babu wanda ya yarda ya yi masa wanka. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta tsaya kamar tana jiran wani abu, sannan ta fita.

Hajiya, da ke bayan kanta tana jin rabi tana cike rabi, ta ce, "Shi ɗan bai zo ba?" Na ce bai zo ba. Ta ce, "Bon." Ranar Juma'a ita da kanta ta ba da labarin a masallaci, da ƙarfi, tana gyara mayafi.

Kamfanin ya mayar da ni aiki, aka tura ni wajen wata tsohuwa a Sedgefield mai kyanwa uku. Brent bai taɓa kira ba. Takardar zamana ta ci gaba da jiran layinta.

Bayan wata biyu na bi ta kantin in yi wa Marcus godiya yadda ya kamata, da kular dambun nama da Hajiya ta yi. Ya ɗanɗana, ya yi tari, ya ƙara ɗiba. Sannan ya nuna mini kwalin tsohon. Ya cika har ya fara tudu. Babu wanda ya ce a daina ajiyewa, babu kuma wanda ya zo ɗauka.

"Ba zan iya cire sunan ba," ya ce.

Na ce ya zaɓo mini ɗaya wanda zai fi so. Ya bar kwalin ya je can cikin layi ya dawo da wani na kaboyi, sabon bugu na tsohon labari. Ya ce in tafi da shi kawai. Na ce a'a, saye na zo yi. Ya karɓi kuɗin, ya sa littafin a leda da kwali a baya, ya liƙe bakin.

Gidan tsofaffin yana bayan gari, mai tsabta, yana warin maganin goge ƙasa. Ranar Asabar na je da rana. Na same shi a keken guragu a bakin taga, an yi masa askin da bai dace da shi ba. Ya rame. Na gaishe shi, ya dube ni kamar ma'aikaciyar wurin. Na ɗora littafin a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon bangon, dokin da mahayin, sannan ya ɓare ledar a hankali da gefen yatsa.

"Mis Bi," ya ce, bai ɗago ba.

"Na'am, Mista Harold."

"Kin daina zuwa."

"An canza mini gida."

Ya buɗe shafi ɗaya, ya buɗe na biyu. Na gyara masa wuyan rigarsa da ya naɗe ciki. A waje wani yana tura injin yankan ciyawa.

"Brent ne ya ɗauka," ya ce.

Na jawo kujera na zauna kusa da shi.

"Na gan shi yana saukowa da su a jakar wanki. Ina kujera. Na rufe ido kamar ina barci." Ya ɗago ya dube ni, idonsa tar, kamar na ranar Laraba. "Na gaya musu, ko?"

"A'a. Ba ka gaya musu ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ɗana ne," ya ce.

Na ce na sani.

Har yau ban san ko a ranar abin ya dawo masa ba, ko tun safiyar Litinin ɗin can yana sane, lokacin da ya dube mu mu uku ya ce shayinsa ya huce. Na zauna da shi kamar minti ashirin. Ya kai tsakiyar littafin ya koma farko. Wata ma'aikaciya ta shigo da magani da ruwa a kofin roba, na ce mata ba ya haɗiya da ruwa, ta samo masa shayi. Ta ce ba a rubuta haka a takardarsa ba. Na ce ta rubuta.

Da na miƙe zan tafi ya riga ya manta da ni, ya tambaye ni ko ni ce mai canza zanin gado. Sai da na kai ƙofa ya ɗaga littafin sama ba tare da ya juyo ba.

"Ki gaishe da Marcus."

Na ce zai ji. Ban sake komawa gidan ba, amma gaisuwar na kai ta.